Ɓataccen Kare A Hannun Hukuma: Abin Da Dokar Ingila Ta Tanada

Dabba ba ta da bakin kai ƙara, saboda haka wanda ya tsare ta shi ne alhakinta ke wuyansa. Yau muna so mu bayyana wa masu karatu yadda Ingila ta tsara wannan al'amari, musamman game da ɓataccen karen da aka tsare yana cikin azaba.

Tun 1906 Majalisar Ingila ta yi dokar karnuka, wadda ta ba 'yan sanda ikon kama karen da ya ɓata, su tsare shi kwana 7 cikakku. Dalilin wannan wa'adi kuwa shi ne kare dukiyar wani ne, lalle a ba mai shi lokacin da zai zo nema. An kuma wajabta a riƙa rubuta kowane kare a littafi, wanda a wancan lokacin kowa ke iya dubawa in ya biya sule 1.

Dokar 1990 ta ɗora wannan aiki a kan ƙananan hukumomi, daga 2008 kuma aka sauke wa 'yan sanda shi. Wa'adin kwana 7 yana nan. In ya cika mai kare bai zo ya biya kuɗin tsaro ba, sai a sayar da karen, ko a bayar da shi ga wanda zai kula da shi sosai, ko a kashe shi ta hanyar da zafi zai zama mafi ƙaranci. An hana bayar da shi don a yi gwaje-gwaje a jikinsa.

To, ina batun karen da mota ta ragargaza, wanda kwana 7 za su zame masa azaba zalla? Nan doka ta buɗe ƙofa. Sashe na 149 ya yarda ma'aikacin da ke tsare da shi ya sa a kashe shi kafin wa'adi, muddin ya ga haka ne zai kawar da wahala. Har wa yau dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ba ɗan sanda ko sufeto ikon kashe dabbar da ke shan wahala, in likitan dabbobi ya ba da shaida cewa hakan ya fi mata. Ba a tsallake likita sai in babu wata hanya, jiransa kuma ba zai yiwu ba.

Mu lura da ma'aunin da aka bi. Cikar wurin tsaro ko tsadar abinci ba su isa hujjar yanke wa'adi ba. Wahalar dabbar ita ce hujja. Wanda ya yi gaggawa ya zalunci mai kare, wanda ya yi sakaci kuma ya zalunci karen. Muna fata malamai su nuna wa yara wannan, ma'aikatan ofis kuma su tuna littafin nan da ake rubutawa, gama shi ne mai kare zai duba ran da ya zo tambaya.