Ciwon Suga Ya Fi Kashe Talaka

Har gobe akwai masu cewa ciwon suga na masu kuɗi ne, masu cin maiƙo da shan lemon kwalba. Wannan magana ta cuci mutane da yawa. Ciwon ba ya tambayar abin da ke aljihunka kafin ya kama ka, amma wajen kisa ya fi saurin kai talaka kabari.

A Landan, tun 1967 masana suka riƙa bibiyar lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000, daga manyan jami'ai har masinjoji da masu tsaron ƙofa, a binciken da ake kira Whitehall. Da aka ware masu ciwon suga a cikinsu, sakamakon da ya fito a 1998 ya nuna ƙananan ma'aikata na mutuwa kusan ninki biyu na manya, galibi ta ciwon zuciya. Hawan jini da shan taba sun fi yawa a cikinsu. Kuma fa Ingila ce, inda ganin likita kyauta ne tun 1948.

To ina ga mu, da kusan komai na asibiti daga aljihu yake fita? Mai hali yana da na'urar gwaji a gida, yana da firij na ajiye allurar insulin. Ɗan dako kuwa sai gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, ko ido ya fara dishi-dishi, sannan ya je asibiti, ciwo ya riga ya ci jiki. Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Wanda ya sani ma yakan sha magani in an samu kuɗi, ya bari in babu, ko ya koma wa mai lasifika a kasuwa da ke rantsuwa zai raba shi da ciwon cikin mako guda. Ƙarya yake yi.

Talauci ba laifin kowa ba ne, amma akwai abin da ba ya cin kuɗi sosai. In kana yawan fitsari da ƙishirwa, kana ramewa ba dalili, je a gwada jininka. In an tabbatar kana da shi, a riƙa auna maka hawan jini, ka bar taba, ka duba tafin ƙafarka kullum, kada ka yi yawo ba takalmi. In kuɗin magani ya gagara, faɗa wa likita gaskiya ya nemo maka mai sauƙi, kada ka daina sha a ɓoye.