Damina a Kalfu: Gardamar takobi ta fi ta ƙwallon Turai zafi a fadar matasa

A ƙasar Adar, watan Yuli da na Agusta lokacin noma ne. 'Yan kokowa suna gona kamar kowa, makaɗa sun rataye ganguna, manyan gasannin ƙwallon ƙafa na Turai kuma suna hutu. Bakin masoya wasanni ne kawai bai samu hutu ba. A Kalfu da ƙauyukan da ke kewaye da birnin Tahoua, da zarar an taso daga gona an ɗora shayi a fada, sai a buɗe gardama. A daminar 2025 magana uku ce ke yawo: takobin kokowa, ƙungiyar ƙasa ta Mena, da cinikin 'yan wasa a Turai. Ta farkon ce ta fi tayar da jijiyar wuya.

Dalilin a fili yake. A lokacin takobin yana hannun ɗan jihar Tahoua, Abba Ibro, wanda ya ɗauko shi a Dosso a ƙarshen shekarar 2024. Bisa tsarin karɓa-karɓa tsakanin jihohi takwas na Nijar, Tahoua ce layi ya zo kanta na karɓar baƙuncin gasa karo na 46. Shekarar 2025 kuma ita ce ta cika shekara 50 da fara gasar, wadda aka buɗe a nan Tahoua a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché.

Gida yana ba da takobi?

Masoya kokowa a Adar sun kasu gida biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa daga tarihi.

Ɓangare na farko na ganin takobi ya riga ya zauna. Suna tuna shekarar 2017, lokacin da aka yi gasar a Tahoua, Yahaya Kaka ya riƙe takobin a gaban 'yan uwansa. A lissafinsu, ɗan kokowar da ke kwana kusa da gida, yana cin abincin da ya saba, dubban mutane suna kiran sunansa a filin Hamidine Maïdaré, ya fi baƙo kuzari tun kafin a kama.

Ɓangare na biyu kuwa suna cewa a bi a hankali. A gasar farko ta 1975, Tahoua ce mai masauki, amma Kantu ɗan Maraɗi ne ya tafi da nasarar. Ba sai an je nesa ba ma: Dosso ce ta karɓi gasar 2024, tana da Kadri Abdou da aka fi sani da Issaka Issaka, mai takobi shida, amma takobin ya bar garin ya taho Tahoua. Abin da Tahoua ta yi wa Dosso, in ji su, wata jihar na iya yi wa Tahoua. Suna ƙara da cewa kokowa a gida nauyi ce, domin wanda aka kayar a gaban surukansa ya fi wanda aka kayar a Diffa jin ciwo, kuma tsoron wannan kunya yana ɗaure ƙafa.

Sunan Issaka Issaka ba ya fita daga wannan gardama. Ya lashe gasa uku a jere, a Yamai, Diffa da Agadez, kafin a tsayar da shi. Wasu na cewa zamaninsa ya wuce. Waɗanda suka daɗe suna bin kokowa ba su yarda ba, suna cewa mutumin da ya san hanyar wasan ƙarshe har haka, ba a cire shi daga lissafi sai an ga bayansa a ƙasa.

Akwai kuma tsohuwar jayayya kan alƙalanci. Dattawan da suka ga zamanin su Kadade, Salma Ɗan Rani da Langa-Langa ba sa jin daɗin karawar da ake rabawa da agogo da gargaɗin alƙali. A wurinsu kokowa kaye ce. Matasa masu kallo a Télé Sahel da wayar hannu sun fi yarda da ƙayyade lokaci, domin 'yan kokowa 80 ne ke haɗuwa, goma daga kowace jiha, kuma dole a gama cikin kwanakin da aka tsara.

Wa zai gaji waɗanda ke fili?

Ƙarƙashin wannan hayaniya akwai damuwar da ta fi ta Disamba girma. An san Adar da tafiya bida. Shekara da shekaru samarin yankin suna tafiya Abidjan, Nijeriya, Libiya da Aljeriya neman abin kai, wasu su dawo da damina su yi noma, su sake ficewa da zarar an ɗaure damman hatsi.

Matsalar ita ce lokacin tafiyar shi ne lokacin kokowa. Bayan girbi ne ƙauye ke gayyatar ƙauye, a share fili, a kafa ganga, yara su fara, samari su biyo, manya su rufe. A irin wannan fage ake gano mai ƙarfi da mai dabara, daga nan ya hau zuwa zaɓen gunduma, har ya nemi gurbi cikin goman jiha. Idan saurayi mai shekara 18 ya hau mota tun kafin a buga gangar farko, ba wanda zai san abin da ke jikinsa.

Ba wanda ke zargin masu tafiyar. Sarkin kokowa yana samun takobi da miliyoyin kuɗi da kyaututtukan 'yan kasuwa da na hukuma, amma mutum ɗaya ne cikin 80, sau ɗaya a shekara. Sauran suna komawa gona da kasuwa da ɗan abin da suka samu, kuma wanda ya karye ko ya goce a kafaɗa, sau da yawa danginsa ne ke jinyarsa. Shi ya sa a fada ake yawan kawo misalin Senegal, inda manyan 'yan kokowa irin su Modou Lô da Balla Gaye 2 ke karɓar miliyoyi masu yawa a karawa guda, saboda akwai masu shirya wasa da kamfanonin da ke zuba kuɗi duk shekara. Masu adawa da wannan misali suna tunatarwa cewa kokowar Senegal mai kuɗin haɗe take da naushi, kuma ba sa son a mayar da tasu dambe saboda kuɗi.

Ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO, wadda ta tabbata a watan Janairun 2025, ta ƙara wata tambaya. Gasar kokowa ta ƙungiyar, TOLAC, ita ce inda 'yan Nijar suka saba gwada ƙarfi da na Senegal da Nijeriya. Masoya suna son jin abin da zai maye gurbinta.

Mena: fata da ƙorafi

Idan hira ta koma ƙwallon ƙafa, murya takan sauka kaɗan. Rabon Mena da gasar cin kofin Afirka tun 2013, bayan zuwanta na farko a 2012, zamanin su Moussa Maazou. A watan Nuwamban 2024 ƙungiyar, ƙarƙashin mai horarwa ɗan Maroko Badou Zaki, ta lallasa Sudan da ci 4-0, ta je Accra ta doke Ghana da ci 2-1, amma duk da haka Sudan ce ta samu gurbin. Masu fata suna cewa waɗannan wasanni biyu sun nuna ƙungiyar ta farfaɗo. Masu ƙorafi suna cewa an farka bayan kasuwa ta watse.

Abin da kowa ya yarda da shi shi ne zafin rashin gida. A 2025, saboda hukumar CAF ba ta amince da filin Seyni Kountché na Yamai ba, Mena ta riƙa karɓar baƙinta a ƙasashen waje. A watan Maris na 2025, a wasan neman gurbin kofin duniya, Nijar ce mai masauki a takarda, amma a Oujda ta ƙasar Maroko aka buga, kuma Marokon ce ta ci 2-1 da ƙwallon ƙarshen lokaci.

A lokacin ido yana kan gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida, wadda aka fara ranar 2 ga Agustan 2025 a Kenya, Tanzaniya da Uganda. Nijar ta kasance a rukuni ɗaya da Uganda, Aljeriya, Gini da Afirka ta Kudu. A gasar da ta gabace ta a Aljeriya, a farkon 2023, Mena ta kai wasan kusa da na ƙarshe ta ƙare a matsayi na huɗu, bayan Aljeriya ta ci ta 5-0. Sake haɗuwa da Aljeriyar na da wani ɗanɗano na daban ga 'yan Adar da ke aiki a Tamanrasset.

Turai da 'yan waje

Magoya bayan ƙungiyoyin Turai ma ba su rasa abin faɗa ba. Na PSG sun yi wata ɗaya da rabi suna cika baki bayan ƙungiyar ta ci Inter Milan 5-0 a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai ranar 31 ga Mayun 2025. Ranar 13 ga Yuli Chelsea ta ci su 3-0 a wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi a Amurka, sai baki ya koma ɗaya ɓangaren. Maganar inda Victor Osimhen zai buga sabuwar kakar ma ta ci tukunyar shayi da yawa.

'Yan Adar da ke waje suna cikin wannan hira ta saƙon murya a WhatsApp. Na Amurka suna zaune a ƙasar da tsakiyar bazara lokacin besbol ne, inda kowace ƙungiya ke buga wasa 162 a kaka, amma tambayar da suke aikowa gida ita ce wa ke atisaye, wa ya ji rauni, wa zai shiga goman Tahoua.

Amsar wannan tambaya tana gona tukuna. A Adar an san shekarar da hatsi ya yi kyau ita ce shekarar da kokowar ƙauye ke cika, domin ɗan kokowa na buƙatar fura da tuwo da nama, mai gayya kuma na buƙatar abin saukar baƙi. Idan damina ta yi albarka, samari za su ɗan jinkirta tafiya, masu zaɓe su samu waɗanda za su zaɓa. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, tashar mota za ta cika kafin filin kokowa, kuma Tahoua za ta kare takobinta da waɗanda suka rage a gida.