Yadda "went" ya gaje gidan da ba nasa ba

Ɗalibi ya ga "walk" ya koma "walked", sai ya rubuta "goed" hankalinsa kwance. Malam ya zare jan biro, ya soke, ya rubuta "went" a sama.

Ai yaron bai yi wauta ba, "went" ɗin ne baƙo. Asalinsa na wani aikatau ne daban, "wend", mai nufin juyawa ko kama hanya. A Tsohon Turanci, shuɗaɗɗen lokacin "go" shi ne "eode". Wajen ƙarni na 15 "went" ya ture shi ya zauna daram, shi kuwa "wend" ya haƙura da "wended".

Wani wurin da ɗalibai kan yi tuntuɓe shi ne bayan "did": nan "go" ake sawa, domin "did" ya riga ya ɗauki nauyin shuɗaɗɗen lokacin. Bayan "has" kuma, "gone".