Hular Bakwaini Da Sharuɗɗan Saƙa Ta

Ya ku masu karatu, malamai da 'yan kasuwa, ku sani duk jaririn da aka haifa kafin cikin uwarsa ya cika mako 37, likitoci cikin bakwaini suke lissafa shi, ko da watanninsa sun haura bakwai. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irinsa, gama sun haɗa ayar Suratul Ahƙafi da ta Baƙara, suka fitar da cewa mafi ƙarancin ciki wata shida ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta sama da miliyan 13 aka haifa haka a shekarar 2020, watau wajen ɗaya cikin goma.

To, babban abokin gāban bakwaini sanyi ne. Fatarsa ba kauri, kitsen da ke ɗumama jariri bai gama taruwa ba, ga kansa babba in an gwada da sauran jiki, ta nan ɗumi ke tsiyayewa. Abin da ake so zafin jikinsa ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salshiyas. In ya sauka ƙwarai, sai ya kasa kama nono, numfashinsa ya raunana, cuta ta sami ƙofa. Dare ɗaya na hunturu ya isa.

A asibiti akan sa shi cikin kwalba, amma ba ko'ina take ba, inda take kuma sai da lantarki. Ƙarancinta ne ya sa a shekarar 1978 wani likita a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey Sanabria, ya koma ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure da zane. A 2022 Hukumar Lafiya ta ce a fara wannan goyo nan take bayan haihuwa. Ƙirjin uwa na ɗumama jiki, amma kai a waje yake, don haka ba makawa sai da hula, kana safa da ɗan bargo. Ganin haka ne ƙungiyar Save the Children ta roƙi masu saƙa na Amurka a 2006, suka saƙa huluna aka aika ƙasashen Malawi da Bangaladash.

Saƙar nan tana da sharuɗɗa, ko da kwarashi aka yi ta ko da tsinke biyu. Na farko, zare ya zama mai laushi, na auduga ko ulun da ba ya zubar da gashi, mai jure wanki da ruwan zafi. Na biyu, a matse saƙar, kada a bar kafar da yatsa zai maƙale. Na uku, ba maɓalli, ba dutsen ado, ba igiyar da za ta naɗe wuya. Na huɗu, a saƙa ta ƙarama, gwargwadon lemon zaƙi, domin hular kanti ta jariri cikakke takan zame ta rufe hanci. Bargo ma kada ya hau fuska. Sa'an nan a jinkirta wankan farko aƙalla sa'a 24, a tsane shi da tsumma mai tsabta kawai. Amma fa hula ba ta maye gurbin likita: wanda ya ƙi nono ko jikinsa ya yi sanyi, a garzaya da shi asibiti.

Hula ɗaya ba ta cinye dunƙulen zare guda. Mai sayar da zare a kasuwa ya ware ragowar haja ya bai wa mata masu saƙa, malami kuma ya faɗakar da maza ranar suna, gama uba ma ƙirjinsa na goyo sa'ad da mai jego ke hutawa. Allah ya raya mana su, amin.