Sa Tufafi a Turanci: Put On Daban, Wear Daban

Duk ɗan zangon da ke neman abinci a Riyad ya san Larabci kaɗai ba ya isa. A asibiti, otal ko wurin gini, sau da yawa shugaban aiki Ba'indiye ne ko ɗan Filifin, Turanci ne kuma ke haɗa ku.

Mu a Hausa yadda tufa ke hawa jiki muke dubawa: a sa riga, a ɗaura zane, a naɗa rawani, a yafa gyale. Bature ba ruwansa da wannan, lokaci yake kallo. "Put on" shi ne aikin sakawar, na ɗan lokaci. "Wear" kuwa kaya na jikinka ke nan, kana yawo da su.

A Nima ko Kumasi mun saba cewa "wear your shoes", kowa ya gane, babu mai ɗaga gira. Amma a wurin gini bambancin yana da nauyi. In aka ce maka "put on your helmet", yanzu-yanzu ake nufi, ɗauki hular kwano ka sa. In ka ga an rubuta "wear a helmet", doka ce ta kullum: muddin kana wurin, kada ta bar kanka. Wanda ya sa ta a bakin ƙofa ya cire a ciki ya karya dokar.

A lura kuma, "put it on" ake cewa, ba "put on it" ba. Nan da yawa ke tuntuɓe.

Mata masu reno za su riƙa jin "dress the baby", wato a sa wa jariri kaya. "Get dressed" mutum ya shirya kansa ne, "dress up" kuma cin ado. In ka je kasuwar Batha sayen rigar sanyin Janairu, "try on" ne gwadawa kafin ka biya. "Don" ta littafi ce, a jarida za ka gamu da ita, ba a kasuwa ba.

Ko harami, da mai tasowa daga Riyad ke ɗaurawa a miƙatin Ƙarnul Manazil, Turanci bai ba shi kalma tasa ba: "put on" ɗin nan dai ce.