Zuwa Da Kai Ya Fi Saƙo: Shawara Ga Sabbin Lauyoyinmu

A ƙarshen daminar bara wani tsohon ɗalibina, ɗan ƙasar Roni, ya same ni a ofis riƙe da ambulan. Ya yi shekara 5 yana karatun lauya a jami'a, ya yi shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda, ya gama hidimar ƙasa, amma har lokacin yana zaune a gida. Shanun huɗa mahaifinsa ya sayar don ya ga ƙarshen karatun. Ya ce da ni, "Malam, 'yar takarda nake so ka rubuta mini zuwa ga wani babba."

Kafin in amsa, na nemi ganin takardar da ya yi ta aika wa ofisoshin lauyoyi a Kano da Dutse ba tare da amsa ba. Ina karantawa na gane inda gizo ke saƙar. Daga intanet ya kwafo ta, babu sunan wanda aka rubuta wa, babu dalilin zaɓen wannan ofis. Cewa kawai ta yi shi haziƙi ne mai ƙwazo, kamar yadda kowace takarda ke cewa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ya ɓoye garinsu, ya sa adireshin wani ɗan'uwansa a birni, wai kada a ce masa ɗan ƙauye.

Abin da ya ɓoye kuwa shi ne jarinsa. Duk wanda ya tashi a Kazaure ko Babura ko Roni ko Gwiwa ya san irin ƙararrakin da ke cika kotunanmu: rabon gado, iyakar gona, jingina da aron fili, da ɓarnar dabbobi lokacin kaka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a filayen da ba na birni ba, amma akasarin gonakinmu ba su da takarda. Shaidarsu na bakin mai unguwa da dagaci da dattawa. Haka nan sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci sauraron batutuwan aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Babban lauya da ke zaune a Kano yana buƙatar matashin da ya iya lissafin gado, ya san yadda ake zama gaban dagaci, kuma zai iya juya bayanin manomi daga Hausa ko Fulatanci zuwa harshen kotu ba tare da ma'ana ta zube a hanya ba. Ba kowane mai digiri ne ke da wannan ba.

Saboda haka ga shawarata. Da fari, ofis 5 da ka bincika sun fi 50 da ka watsa wa takarda iri ɗaya. Ka shiga kotu ka zauna, ai ƙofarta a buɗe take, ka ga wane lauya ke ɗaukar irin shari'o'in da ka sani. Na biyu, ka rubuta masa da sunansa, shafi ɗaya tak, ka ambaci shari'ar da ka ga ya gudanar, ka faɗi aikin da za ka ɗauke masa. Ka haɗa da ɗan gajeren rubutu na shari'a da ka yi da kanka, domin aikin lauya rabinsa alƙalami ne, kuma kuskure ɗaya a sunan mutum ya isa ya kai takardarka kwandon shara. Na uku, ka kai da hannunka cikin shiga ta kamala, ka girmama magatakardan ofis, don sau da yawa shi ke zaɓen abin da zai hau teburin maigida. Bayan mako biyu ka tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi; naci ya wuce haka ya zama takura.

Ba na musun cewa sanayya tana aiki a ƙasar nan, kuma albashin farko a ofisoshi da dama bai taka kara ya karya ba. Amma takardar babba ƙofa kawai take buɗewa, ba ta zaunar da mutum a kujera.

Ɗalibin nawa ya sake rubutu, Roni a layin farko. Ofis guda ya kira shi gwajin wata 3, aikinsa na farko kuwa rikicin gona ne a wani ƙauye da ke kan hanyar Daura. Ni dai har yau ban rubuta masa takardar da ya zo nema ba. Allah ya buɗa wa matasanmu hanyoyin halal.