Ƙota ta tsage, gatari na nan

Ranar zubi wata daga cikinmu ta nemi bashi don sayen sabon gatari, wai ƙotar nata ta tsage. Muka duba, ƙarfen lafiya lau, gadon uwarta ne ma. Sai muka samo reshen aduwa mai kauri a kai, wanda aka sare wajen sassaben zamani, muka bar shi ya bushe a inuwa. Kar a yi gaggawa, ƴan uwa: ɗanyen icce in ya bushe yana iya tsagewa, gatari ya fizge ya sari ƙafa ko yaron da ke kusa. Masassaƙi ya gyara ƙotar, maƙeri ya gasa tsinin gatarin ya huda kanta da shi, ya zauna daram. Kuɗin bashin kuwa suna nan cikin asusu.